Yadda Za Ka Zaɓi Garin Da Za Ka Koma Wanda Aljihunka Zai Ɗauka

Mafi yawan masu shirin ƙaura da kuɗin haya suke fara lissafi, kuma a nan lissafin yake tsayawa. An ce musu a gari kaza gida mai ɗaki uku bai kai rabin abin da suke biya yanzu ba, shi ke nan hankali ya tafi can. Alhali haya yanki ɗaya ce kawai a cikin tsadar gari. Abin aunawa shi ne abin da zai rage a hannunka ƙarshen wata, bayan ka yi irin rayuwar da ka saba, da kuɗin da za ka riƙa samu a can. Duk sauran binciken da za ka yi, wannan adadin kake nema.

Fara da abin da kake kashewa yanzu

Kafin ka buɗe taswira, ɗauko bayanan asusunka na banki da rasit na wata uku da suka wuce. Wata ɗaya ba ya isa, don akwai hidimomin da ba kowane wata suke zuwa ba. Waɗanda ake biya shekara-shekara, kamar inshora, sabunta takardun mota ko kuɗin makaranta, a raba su gida 12 a zuba a lissafin wata. Sannan ka ware kashe-kashen nan kashi biyu: waɗanda suke canzawa idan ka canza gari, da waɗanda za su bi ka duk inda ka je. Bashin da kake biya zai bi ka. Hidimar iyaye da dangi za ta bi ka. Haya, sufuri, wuta, ruwa, makaranta da asibiti su ne suke motsi, kuma ba duka ne suke yin ƙasa ba.

Ga misali da lissafin kashi ɗari. A ce samunka 100 ne a wata: haya 35, abinci 22, makaranta da lafiya 12, bashi da hidimar dangi 10, sufuri 8, wuta da ruwa da intanet 8, rara 5. A sabon gari haya ta sauko zuwa 18, ka tsira da 17. Amma albashin irin aikinka a can 85 ne. Garin kuma ba shi da motocin haya na kirki, dole sai da motar kanka, sufuri ya hau zuwa 16. Ziyarar waɗanda ka baro ta ƙara 3. Jimillar kashewa ta zama 89 a kan samun 85. Mutumin da yake da rarar 5 ya koma mai giɓin 4, a garin da kowa ya shaida hayarsa araha ce.

Akwai ƙa'idar da ake yawan ambata, cewa kada masauki ya ci fiye da kashi 30 cikin ɗari na samun mutum. Asalinta daga dokar gidajen gwamnati ta Amurka ne: a 1969 aka ƙayyade hayar waɗannan gidaje a kashi 25, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Ma'auni ne mai amfani, sai dai ya bar sufuri a waje, kuma gidan da ya yi araha saboda nisa, a mota da mai yake karɓar kuɗinsa. Shi ya sa wata cibiyar bincike a Chicago, Center for Neighborhood Technology, ta haɗa su biyun ta ce kada masauki da sufuri tare su wuce kashi 45. A ganinmu wannan ya fi kusa da gaskiya. Yi lissafin a kan abin da yake shiga hannunka bayan an cire haraji. Idan kuma samunka ƙarami ne ko iyalinka suna da yawa, ko kashi 45 ɗin ma zai matse ka, ka nemi ƙasa da haka.

Daga ina kuɗin zai riƙa shigowa?

Wanda samunsa yake binsa, kamar ɗan fansho ko mai aiki ta intanet, shi ne ya fi cin moriyar gari mai araha. Ko shi ma sai ya tabbatar a rubuce cewa wurin aikinsa ya yarda da ƙaurar, don wasu kamfanoni suna rage albashi gwargwadon tsadar garin da ma'aikaci yake zaune, wasu kuma ba sa yarda a yi musu aiki daga wata ƙasa saboda haraji.

Wanda zai nemi aiki a can, ya shafe wata guda yana ƙirga tallace-tallacen guraben aiki irin nasa a garin. Idan ma'aikata ɗaya ce tal take ɗaukar masu sana'arka, ranar da kuka saɓa da ita ko ta rufe, ƙaura ta biyu ta same ka. Likita, ma'aikaciyar jinya, lauya, malamin makaranta da injiniya su fara tambayar ko lasisinsu yana aiki a can, domin sabunta shi kan ɗauki watanni, kuma a watannin nan ba albashi. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu su tuna cewa inda kaya suke da araha, mutanen wurin ma kuɗin hannunsu kaɗan ne, kuma su ne za su zama masu sayen kayansa.

Me ya sa garin yake da araha?

Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Kowace araha da dalilinta. Wani dalilin ba zai dame ka ba, wani kuwa shi zai kore ka.

Akwai garin da yake da araha don ƙarami ne, ko don yana nesa da manyan ma'aikatu, ko don fili yana da yawa kuma ana gina gidaje isassu. Idan ba ka dogara da waɗancan ma'aikatu ba, irin wannan garin kake nema. Akwai kuma wanda yake da araha don mutanensa suna watsewa. Detroit a Amurka tana da mutum kusan miliyan 1.8 a 1950, a ƙidayar 2020 ba su kai dubu 650 ba, kuma a 2013 hukumar birnin ta bayyana cewa ta kasa biyan basussukanta. Idan masu biyan haraji suka ragu, titi da bututun ruwa ba sa raguwa tare da su. 'Yan kaɗan da suka rage su ne za su ɗauki nauyin, ko kuma a bar abubuwan su lalace. Makarantu su haɗe, asibiti ya rage sassa, motar haya ta rage zirga-zirga. Mai gida a irin wannan wuri yakan saya cikin sauƙi, ranar sayarwa ya rasa mai taya.

Haka labarin gidajen da ake sa wa farashin yuro ɗaya a Italiya yake. Garin Sambuca da ke tsibirin Sisili ya fitar da irinsu a 2019, bisa sharaɗin mai saye ya ajiye yuro 5,000 kuma ya gyara gidan cikin shekara uku. Kuɗin gyaran shi ne ainihin farashin. A Japan binciken gwamnati na 2023 ya ƙirga gidaje kusan miliyan 9 da ba kowa a ciki, da yawansu a yankunan da matasa suka bari. Akwai ma garuruwan da suke biyan mutum don ya zo: shirin Tulsa Remote na garin Tulsa a jihar Oklahoma ta Amurka, tun 2018, yana ba masu aiki ta intanet dala 10,000 idan suka zauna shekara guda. Kuɗin alheri ne ga wanda dama garin ya yi masa. Wanda garin bai yi masa ba, kuɗin zai ƙare ya bar shi da garin.

Sai araha mai haɗari: unguwar da ambaliya take ci, ko wadda take kusa da masana'anta mai hayaƙi, ko wadda ba a fita bayan magariba, ko filin da ake shari'a a kansa. Idan hayar wani gida ta yi ƙasa da na maƙwabtansa da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, kada ka biya ko kwabo sai ka gano dalili. Dillali ba zai faɗa maka ba, la'adarsa tana kan ka karɓa.

Rubuta makonka, sannan ka nemi garin da zai ɗauke shi

Mutane suna zaɓar gari ne da hoton hutu a ransu: bakin teku, duwatsu, shiru. Amma ranar Talata ta yau da kullum ita za ka fi rayuwa a ciki. Ɗauki takarda ka rubuta makon da ya wuce, daga tashi zuwa kwanciya: ina ka je, sau nawa, da wa ka haɗu, me ka saya. Daga nan ka fitar da abu uku, kada su wuce uku, waɗanda in babu su ba za ka zauna ba. Ga wani asibitin ƙwararru ne, ga wani makarantar yara, ga wani wurin ibada da jama'ar da zai yi hulɗa da su, ga wani intanet mai ƙarfi. Idan da iyali za a tafi, kowane babba ya rubuta nasa ukun shi kaɗai kafin a haɗa. Ƙaura da yawa suna rushewa ne saboda mutum ɗaya ya samu abin da yake so, abokin zamansa kuma ya wayi gari ba aiki, ba ƙawa, ba wurin zuwa.

Nisa kuwa, da minti ake auna shi, a lokacin cunkoso. Minti 45 zuwa, minti 45 dawowa, kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, awa 360 ke nan. Idan ka raba da awa takwas na aiki, kwana 45 ne cur kake bayarwa a hanya kowace shekara, ba wanda zai biya ka su.

Yanayi ma kuɗi ne. Gari mai tsananin zafi zai ci kuɗinka a sanyaya ɗaki, mai tsananin sanyi a ɗumama shi, kuma ba a ganin wannan a tallan haya. Kada ka tsaya a matsakaicin zafin shekara, duba wata mafi zafi da wata mafi sanyi, da yawan laima a iska. Tudu yana sauƙaƙa zafi, kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau, amma daga mita 2,500 zuwa sama iska tana yin ƙaranci, mai ciwon zuciya ko huhu sai ya ji ta bakin likita. Mai asma ya duba ƙazantar iskar garin wata-wata. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa ma'aunin ƙananan ƙurar da ake kira PM2.5 a maikirogiram 5 cikin kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin shekara. Birane kaɗan ne suke cika wannan, amma akwai bambanci babba tsakanin mai 12 da mai 60.

Mai shan magani kullum ya tabbatar ana samunsa a garin da farashinsa. Kowa kuma ya san minti nawa ne daga gidan da yake so zuwa asibitin da yake karɓar gaggawa da tsakar dare.

Shafukan kwatanta tsadar rayuwa

Suna da amfani wajen tankaɗe, daga gari goma a koma uku. Fiye da haka kada ka dogara da su. A shafin Numbeo jama'a ne suke shigar da farashi da kansu, don haka a ƙaramin gari mutum kaɗan ne suka cika alƙaluman, wataƙila ma tun bara. Jerin tsadar birane na kamfanin Mercer da na Economist Intelligence Unit kuwa an tsara su ne don kamfanonin da suke tura ma'aikata ƙasashen waje, kwandon kayan da suke aunawa na irin waɗannan ma'aikata ne. Abin da ya fi shi ne ka rubuta kaya 20 da gidanka ya fi saye, ka nemo farashinsu a garuruwan ukun. Kuɗin hayar da ka gani a talla kuma abin da mai gida yake nema ne. Tambayi masu zaune a unguwar nawa suke biya, da nawa aka ƙara musu a sabuntawar da ta wuce.

Je ka gani da idonka

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka yi aƙalla mako biyu, a cikin unguwar da kake son zama, a lokacin da garin ya fi wahala: tsakiyar damina, ko ƙololuwar zafi, ko hunturu. Otal a tsakiyar gari ba zai nuna maka komai ba. Yi tafiyar wurin aiki da safe a daidai lokacin da za ka riƙa yinta. Yi cefane ka dafa. Zaga unguwar da ƙarfe goma na dare, ka sake zagawa da asuba.

A gidan da kake dubawa, kalli ƙasan bango ta waje da ta ciki. Layin da ruwa ya bari, ko sabon fenti da ya tsaya daidai gwiwa, alamar ambaliya ce. Duba rufi ko da tabon yoyo, ka shinshina ɗakunan da aka rufe ko da warin danshi. Buɗe famfo biyu a lokaci guda ka ga ƙarfin ruwa. Gwada sabis ɗin waya da saurin intanet a cikin ɗakin da za ka riƙa aiki, da rana da kuma dare lokacin da kowa ya hau. Nemi a nuna maka takardun kuɗin wuta da ruwa na wata 12, don na wata ɗaya zai iya zama na lokacin da ba a kunna komai.

Wajen tambaya, mai shagon unguwa, direban haya da maƙwabcin da ya daɗe sun fi dillali da mai gida. Kada ka ce musu "unguwar nan tana da kyau?", kowa zai ce eh. Ka ce: yaushe ruwa ya shiga gidaje na ƙarshe? Sau nawa wuta take ɗaukewa a mako? Wanda ya bar gidan nan, me ya tayar da shi?

Idan ƙaurar ta tsallaka iyaka

A nan takarda ita ce gaba da komai. Bizar yawon buɗe ido ba izinin zama ba ce, ba kuma izinin aiki ba. A ƙasashen Turai na yankin Schengen baƙo yana da kwana 90 ne kacal cikin kowane kwana 180. Ƙasashe irin su Estoniya, tun 2020, da Fotugal, tun 2022, suna ba masu aiki ta intanet biza ta musamman, amma sai ka nuna shaidar samun kuɗi na wata-wata da ya kai adadin da suka sa, kuma adadin yana canzawa. A shafin ofishin jakadancin ƙasar ake duba shi.

Ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya yi kwana 183 a shekara a matsayin mazauni mai biyan haraji. Ka bincika ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasar da kake samun kuɗi da wadda za ka zauna. Ɗan Amurka kuwa ƙasarsa tana neman bayanin harajinsa duk inda yake zaune. Mai niyyar saye ya sani cewa wasu ƙasashe, kamar Tailan da Filifins, ba sa barin baƙo ya mallaki fili da sunansa, kuma saye da sunan wani hanya ce ta asara.

Idan samunka da kuɗin wata ƙasa ne, kashewarka da na wata, sake lissafinka a kan cewa canji ya juya maka baya da kashi 20. In lissafin ya rushe, tun farko bai tsaya ba. Takardun haihuwa, aure da karatu a tantance su tun kafin a tashi; ƙasashen da suke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 hatimi guda suke nema, sauran kuwa sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci. Inshorar lafiya a karanta abin da ta ce game da ciwon da mutum ya zo da shi, don sau da yawa ba ta biyansa, ko sai bayan wani wa'adi. Kayan lantarki ma a duba: Amurka da Kanada bolt 120 suke amfani da shi, Turai da yawancin Afirka da Asiya 220 zuwa 240. Firjin da aka sha wahalar ɗaukowa zai iya zama kayan ado.

Kuɗin tashi da kuɗin komawa

Ƙaurar kanta tana da farashi: ɗaukar kaya, kuɗin ajiya na sabon gida, la'adar dillali, watan da za ka biya haya biyu, sabuwar rajistar makaranta, da ƙananan abubuwan da za a sake saye. Tara su duka, ka raba da rarar da kake sa ran samu a wata. Abin da ya fito shi ne yawan watannin da za ka yi kafin ƙaurar ta mayar da kuɗinta. Idan ya wuce wata 24, kuma ba ka da tabbacin za ka zauna fiye da haka, ba araha kake bi ba, sai dai in akwai wani dalilin.

Nemi farashi a rubuce daga kamfanonin ɗaukar kaya uku, bayan sun zo sun ga kayan da idonsu. Farashin da aka faɗa ta waya yakan kumbura ranar lodi. Kwantena mai ƙafa 20 tana da faɗin ciki kusan kubik mita 33, amma abin da ake iya shiryawa a ciki bai kai haka ba. Duk abin da kuɗin ɗaukarsa ya kusa kuɗin sayen irinsa a can, sayar da shi.

Bayan wannan, ware kuɗin zaman wata uku zuwa shida, shida idan ba aiki a hannu. Ware kuma kuɗin komawa daban, a asusun da ba a taɓawa. Mai kuɗin komawa yana iya cewa garin bai yi ba ya tashi, marar shi kuwa dole ya zauna ya karɓi duk aikin da ya samu.

Kada ka sayi gida a shekarar farko, ko da kana da kuɗin. Sai ka ga damina da rani a garin za ka san wace unguwa ce taka, kuma sau da yawa ba ita ce wadda ka fara sauka ba. Karɓi haya ta wata shida ko shekara. Kafin ka sa hannu, tabbatar wanda yake ba ka gidan shi ne mai shi ko wakilinsa na gaskiya, kuma kada ka tura kuɗi a kan gidan da kai ko wanda ka amince da shi bai shiga ba. A cikin yarjejeniyar, nemi wurin da ya faɗi sanarwar wata nawa za ka bayar idan za ka tashi kafin wa'adi, nawa za a iya ƙara maka a sabuntawa, gyaran me yake kan mai gida, da kwana nawa za a yi kafin a mayar maka da kuɗin ajiya. Ranar karɓar makulli, ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da take kan mitar wuta da ta ruwa, ka tura wa mai gidan a rubuce a ranar.